Stephen Hopkins da Iyalinsa: Tambayoyi da Amsoshi kan Baturen da Ya Zauna a Jamestown da Plymouth

Ɗaliban tarihi da masu bin salsalar Turawan Ingila da suka fara kafa garuruwa a Amurka sukan yi ta maimaita waɗannan tambayoyi game da Stephen Hopkins. Kwanakin da aka ambata duka bisa tsohuwar kalandar Ingila suke, akwai bayaninta can ƙasa.

Wane ne Stephen Hopkins?

Mutumin yankin Hampshire ne a kudancin Ingila. An yi masa baftisma a ƙauyen Upper Clatford ranar 30 ga Afrilu 1581, ya rasu a Plymouth ta Amurka a 1644. A cikin fasinjoji 102 na jirgin ruwan Mayflower da ya ƙetara Tekun Atlantika a 1620, shi ne ya riga ya yi zaman shekaru a Jamestown ta Virginia. Ya san yunwar sabon gari, ya san mutanen ƙasar, ya kuma san yadda igiyar rataya take kusantar wuyan mutum.

Bai bar wani littafi da ya rubuta da hannunsa ba. Daga rajistar coci, da littafin kotu, da rubutun waɗanda suka yi tafiya da shi, da wasiyyarsa aka san shi. Shi ya sa labarinsa ya fi na wasu manyan garin ɗanɗano: ana ganin farashin giyarsa da sunayen shanunsa.

Wa ya fara aura, kuma 'ya'ya nawa suka haifa a Ingila?

Sunan matarsa ta farko Mary. Sun zauna a Hursley, kusa da birnin Winchester, kuma a cocin nan aka yi wa 'ya'yansu uku baftisma: Elizabeth ce babba, sai Constance ranar 11 ga Mayu 1606, sai Giles ranar 30 ga Janairu 1608. Giles bai kai shekara biyu ba uban ya bar gida.

Me ya faru da shi a Bermuda?

Ranar 2 ga Yuni 1609 ya tashi daga Ingila a Sea Venture, jirgin da ke jagorantar ayarin kai mutane da abinci Jamestown. Aikinsa akawun limamin jirgin ne, shi ke karanta Zabura da surorin Littafi Mai Tsarki ran Lahadi. A cikin jirgin akwai sabon gwamna Sir Thomas Gates, da shugaban ayari Sir George Somers, da kyaftin Christopher Newport. A ƙarshen Yuli guguwa ta raba su da sauran jiragen. Jirgin sabo ne, abin da aka toshe tsakanin katakansa da shi ya saki, ruwa ya yi ta kwarara ciki. Kwana uku da dare huɗu kowa na kwasar ruwa, har manyan. Ranar 28 ga Yuli suka cusa jirgin tsakanin duwatsun bakin Bermuda da gangan, mutum kusan 150 suka fita, ba a rasa ko ɗaya ba.

Tsibirin ba kowa, amma akwai aladun daji, da kunkurun teku, da kifi, da tsuntsaye masu yawa. Sun yi wata tara da 'yan kai, suka ƙera ƙananan jirage biyu, Deliverance da Patience, da itacen al'ul na tsibirin da ragowar Sea Venture. Ranar 10 ga Mayu 1610 suka tashi, bayan mako biyu suka iso Jamestown, suka tarar mutum kamar 60 kaɗai yunwar hunturu ta bari.

Da gaske ne an yanke masa hukuncin kisa?

Gaskiya ne. A Janairu 1610 ya faɗa wa wasu mutum biyu cewa ikon gwamna ya ƙare ranar da jirgi ya fashe, domin takardar Gates ta mulkin Virginia ce, ba ta Bermuda ba, saboda haka kowa na da damar zama inda ya ga abinci. Su biyun suka kai ƙara. Aka kawo shi gaban jama'a da ankwa a hannu, aka same shi da laifin tawaye. Ya yi ta kuka yana roƙo, yana cewa kashe shi kashe matarsa da 'ya'yansa ne. Newport da William Strachey, wanda daga rahotonsa aka samu wannan labari, suna cikin waɗanda suka sa baki har gwamna ya yi masa afuwa.

A riƙe wannan hujja tasa, domin za ta sake fitowa bayan shekara goma a bakin tekun Cape Cod, kamar yadda amsar Mayflower ta nuna.

Ya iyalin da ya bari a Hursley suka ƙare?

Mary ta rasu yana Virginia, aka binne ta ranar 9 ga Mayu 1613. A takardar lissafin kayanta an rubuta ta a matsayin matar da mijinta ya mutu, alhali yana raye a wancan ƙetaren. Haka zaman yake a lokacin: wasiƙa na ɗaukar watanni, mutum ya tafi shekara huɗu sai a ɗauka ya tafi kenan.

Bayan ya koma Ingila ya zauna a Landan, ya auri Elizabeth Fisher a cocin St Mary da ke Whitechapel ranar 19 ga Fabrairu 1618. Suka haifi 'ya mace, Damaris.

Su wa ya tafi da su a Mayflower, kuma don addini ya tafi?

Gidansa na cikin mafi girma a jirgin. Akwai shi, da Elizabeth da tsohon ciki, da Constance mai shekara 14, da Giles mai 12, da Damaris 'yar ƙarama, da barori biyu maza, Edward Doty da Edward Leister. Babbar 'yarsa Elizabeth ba ta cikin jerin fasinjoji. A tsakiyar teku matar ta haihu, aka sa wa yaron Oceanus, wato na teku. Shi kaɗai aka haifa kafin a ga ƙasa, a tafiyar kwana 66 daga 6 ga Satumba zuwa 11 ga Nuwamba.

Hopkins ba ya cikin jama'ar cocin da suka ɓalle daga Cocin Ingila suka yi hijira zuwa Leiden ta ƙasar Holan. Yana cikin waɗanda 'yan kasuwar Landan, masu ɗaukar nauyin tafiyar, suka haɗa su da su don a samu hannuwan aiki. Yarjejeniyar ta kuɗi ce zalla: hannun jari ɗaya fam 10, duk wanda ya kai shekara 16 ya tafi da kansa ana ƙirga masa hannun jari ɗaya, kuma shekara bakwai duk abin da aka noma ko aka samu na asusun tarayya ne.

Inda takardar izininsu ta nuna shi ne wajen bakin kogin Hudson, amma iska da igiyar ruwa suka tsayar da su a Cape Cod, can arewa. Nan wasu fasinjoji suka fara cewa tunda an fita daga iyakar takarda, ba mai iko da kowa. Maganar Bermuda ce sak. William Bradford, fasinjan da daga baya ya zama gwamnan Plymouth kuma ya rubuta labarin, bai kama sunan kowa ba, amma masana da yawa na kallon Hopkins. Maganin da aka yi shi ne yarjejeniyar Mayflower, inda maza 41 suka sa hannu cewa za su yi wa kansu dokoki su bi. Hopkins da barorinsa biyu duk sun sa hannu.

Ta yaya gidansa ya tsira a hunturun farko?

Sun iso a mafi munin lokaci. Jirgi ya yi anga a Plymouth ranar 16 ga Disamba, babu ɗaki ko ɗaya, mutane na ratsa ruwan sanyi har cinya don kai kaya tudu. Ga ciwon huhu, ga ciwon rashin ɗanyen abinci mai sa dasashi kumbura da zubar da jini. Kusan rabin mutanen suka mutu, akasari tsakanin Janairu da Maris. Mata suka fi shan wahala, domin sun fi daɗewa a cunkushe cikin jirgi suna jinya. Cikin matan aure 18, huɗu ne suka ga kakar 1621, kuma Elizabeth Hopkins na cikinsu.

Gidan Hopkins, mutum takwas har da jariri, ba wanda ya mutu a wannan hunturu. Gidaje ƙalilan ne suka samu haka.

Wace rawa ya taka tsakanin baƙin da mutanen ƙasar?

Tun fitar farko a Cape Cod aka sa shi cikin masu ba Kyaftin Myles Standish, jagoran tsaron baƙin, shawara. A daji suka ga an tanƙwaro ƙaramin itace, an watsa 'ya'yan itace a ƙarƙashi. Hopkins ya ce tarkon barewa ne. Bradford da ke tafe a baya bai ji ba, ya matsa dubawa, igiya ta fizge shi ta ƙafa.

Ranar 16 ga Maris 1621 Samoset, mutumin ƙabilar Abenaki da ya tsinci Turanci wurin masunta, ya shigo garin shi kaɗai ya gaishe su. Da dare ya yi, gidan Hopkins aka sauke shi, ana kuma gadinsa. A Yuli aka aiki Hopkins da Edward Winslow wurin Massasoit, shugaban ƙabilar Wampanoag, a Pokanoket, tafiyar kusan mil 40 a ƙasa, Tisquantum, wani ɗan ƙasar mai jin Turanci, na yi musu jagora da tafinta. Sun kai masa jar riga ta mahaya doki da sarƙar tagulla. Sarƙar shaida ce: duk manzon da ya zo da ita an san daga sarki yake. Kwana biyu suka yi can ba abincin kirki, ga ƙuma ga sauro.

A hanya sun wuce gonaki da aka share, ba kowa, da ƙasusuwan mutane a fili. Annobar da ta biyo jiragen Turawa tsakanin 1616 da 1619 ce ta cinye garuruwan bakin teku. Plymouth kanta a kan kufan Patuxet aka gina ta, garin su Tisquantum. Duk wanda ya karanta labarin waɗannan baƙi bai sa wannan a lissafi ba, bai fahimci dalilin da suka samu gona a share ba.

Barorin nan biyu bayi ne?

A'a. Barori ne na yarjejeniya: mutum ya amince ya yi wa maigida aiki na wasu shekaru, maigida ya biya kuɗin jirgi, ya ɗauki ci da sutura da wurin kwana. Ana iya sayar da ragowar shekarun ga wani maigidan, kuma bara ba ya aure sai da izini. In wa'adi ya cika, ya zama mai kansa.

Doty da Leister sun shiga tarihi ranar 18 ga Yuni 1621, lokacin da suka yi fito-na-fito da takobi da wuƙa, ɗaya ya ji rauni a hannu, ɗaya a cinya. Hukuncin jama'a shi ne a ɗaure kowannensu kai da ƙafa wuri ɗaya, awa 24 ba ci ba sha. Awa ɗaya suka yi, azaba ta ishe su, maigidansu ya roƙa aka kwance su. Leister ya tafi Virginia bayan ya gama wa'adi, can ya mutu. Doty ya zauna a Plymouth, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya tara, ya rasu a 1655.

Da me gida irin nasa yake rayuwa?

Da masara. Irin da aka zo da shi daga Ingila bai yi abin kirki ba a shekarar farko: sha'ir ya ɗan yi, wake ya bushe. Tisquantum ya nuna musu a tara ƙasa tsibi-tsibi, a binne kifin da ke hawowa rafin garin da bazara a matsayin taki, sannan a shuka. Sai an yi gadin gonar da dare har kifin ya ruɓe, in ba haka ba kyarkeci ya tone. Eka 20 ta masara suka shuka a 1621.

Noman tarayya bai yi albarka ba, kowa na ganin wani zai ci guminsa. A 1623 aka ba kowane gida nasa fili, kuma a rabon da aka rubuta Hopkins ya samu eka shida. Shanu ba su iso ba sai 1624, karsana uku da bijimi ɗaya. A 1626 mazauna garin suka amince su sayi hannun jarin 'yan kasuwar Landan a kan fam 1,800, ana biyan fam 200 duk shekara. Ranar 22 ga Mayu 1627 aka raba dabbobi kashi 12, kowane kashi mutum 13, Hopkins na shugabantar ɗaya. Wannan takarda ta rabon shanu tamkar ƙidayar jama'a ce, shi ya sa masu bin salsala ke ji da ita. Sunan Oceanus ba ya ciki, alamar ya rasu kafin nan.

Me ya riƙa kai shi kotu bayan ya zama babba a gari?

Daga 1633 zuwa 1636 yana cikin mataimakan gwamna, wato masu zaman shari'a da kansu. A Yuni 1636 aka same shi da laifin dukan wani saurayi, John Tisdale, har ya ji masa mummunan rauni. Aka ci shi tarar fam 5, ya kuma biya Tisdale sule 40. Daga nan ba a sake zaɓarsa ba. Lissafin kuɗin irin wanda kakanninmu suka sani ne: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya.

Yawancin sauran ƙararrakin na mashayar da ya buɗe a gidansa ne. A 1637 an tuhume shi da barin mutane su sha ran Lahadi, da barin barorin mutane su zauna suna sha suna wasan tura ƙarfe a kan allo. A 1638 laifin tsada ne: yana sayar da giya kwabo biyu a ma'aunin da ya kai kusan lita, masu ƙara suka ce ba ta kai ta kwabo ɗaya ba. A 1639 ya sayar da madubi kwabo 16, alhali irinsa kwabo 9 ne a Massachusetts. A wannan gari hukuma na ganin farashi abu ne da kotu ke da ta cewa a kai, shi kuwa Hopkins ɗan kasuwa ne da bai taɓa yarda da hakan a ransa ba.

Mece ce maganar Dorothy Temple?

Ita ce ta fi muni a tarihinsa. Dorothy baranya ce a gidansa, ta yi ciki da wani Arthur Peach, wanda aka rataye a 1638 tare da wasu biyu saboda sun kashe wani ɗan asalin ƙasar sun kwashe kayansa. A Fabrairu 1639 kotu ta ce tunda saura shekara biyu a yarjejeniyarta, dole Hopkins ya ci gaba da ciyar da ita da jaririn, kamar yadda dokar barori ta tanada (duba amsar barori a sama). Ya ƙi, aka tsare shi don raina kotu. Bayan kwana huɗu wani John Holmes ya karɓi fam 3 daga Hopkins ya ɗauke ta da ɗanta zuwa gidansa. Ita kuwa aka yanke mata bulala sau biyu. Ta suma a ta farko, aka yafe ta biyun.

Me wasiyyarsa ta ƙunsa?

Ya yi ta ranar 6 ga Yuni 1644, Bradford da Standish ne shaidu, aka ƙididdige kayansa ranar 17 ga Yuli. Ya nemi a binne shi kusa da matarsa Elizabeth, wadda ta riga shi. Gida da filaye na Caleb ne, ɗan da Elizabeth ta haifa masa a Plymouth. Giles ya samu babban bijimi, Constance ta samu goɗiya. 'Yan matan huɗu aka raba musu shanu da sunayensu: akwai Motley, wadda Deborah da Damaris za su raba rabi da rabi, akwai Red Cole ta Ruth, akwai Smykins ta Elizabeth, har da wata karsana marar wutsiya. Kowace ta samu cokalin azurfa ɗaya. Ya kuma sharɗanta cewa muddin ba su yi aure ba, ƙofar gidan a buɗe take gare su, Caleb ba zai hana su ba.

Rabin saniya ba yanka ake nufi ba. Nono da 'ya'yan da za ta haifa ake rabawa.

Ina 'ya'yansa suka ƙare?

Constance ta auri Nicholas Snow, wanda ya iso a jirgin Anne a 1623. Suka koma Eastham a Cape Cod, kuma a lissafin da Bradford ya yi wajen 1651 tana da 'ya'ya 12, duk a raye. Ta rasu a 1677. A gidan tarihi na Pilgrim Hall da ke Plymouth akwai wata doguwar hula ta gashin dabba da ake dangantawa da ita. Giles ya auri Catherine Whelden ranar 9 ga Oktoba 1639, ya zauna a Yarmouth, daga baya shi ma Eastham.

Caleb, magajin gida, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa ya mutu a Barbados ba magaji. Deborah ta auri Andrew Ring, Damaris ta auri Jacob Cooke. Ruth da Elizabeth ba su yi aure ba. Saboda haka zuriyar ta bi ta mutum huɗu ne: Constance, Giles, Deborah da Damaris. Sunan Hopkins kuwa ta Giles kaɗai ya ɗore.

Me ya sa ake ganin shekara biyu a kwanan wata ɗaya, kamar 1607/8?

Har zuwa 1752 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take kamawa. Abin da ya faru tsakanin 1 ga Janairu da 24 ga Maris, akawun coci zai rubuta shi da shekarar da mu muke ganin ta wuce. Baftismar Giles a rajista Janairu 1607 ce, a lissafinmu 1608. Haka auren Elizabeth Fisher: 1617 a rajista, 1618 a wurinmu. Wanda bai lura ba sai ya tsufar da yaro da shekara guda, ko ya sa shari'ar Dorothy Temple kafin rataye Peach.

Ban da wannan, kalandar Ingila ta lokacin tana bayan ta yanzu da kwana 10. Ranar 11 ga Nuwamba 1620 ta yi daidai da 21 ga Nuwamba. In ka ga littattafai biyu sun saɓa da kwana goma cif, ba kuskure ba ne.

Waɗanne kurakurai masu bin salsalarsa suka fi yi?

Na farko, tsofaffin littattafai sun ce daga Wortley ta Gloucestershire ya fito, suka ba shi wata mata ta farko daban. A 1998 mai bincike Caleb Johnson ya buga abin da ya gano a rajistar Hursley, wannan zance ya faɗi, amma har yau ana kwafarsa a intanet. In ka ga bishiyar zuriya ta ce Wortley, ka san kwafe ce daga tsohon kuskure.

Sai maimaita suna. Damaris biyu ce: ta Mayflower ta rasu tana yarinya, aka mayar wa ƙanwarta sunan, kuma ƙanwar ce matar Jacob Cooke. Wanda ya fito daga tsatsonta jikan Stephen da Elizabeth ne, amma kakarsa ba ta shiga jirgin ba. Elizabeth kuwa huɗu ce a gidan: uwarsa, matarsa ta biyu, 'yar Mary, da autar Plymouth. Akwai kuma wani Stephen Hopkins na Rhode Island, wanda ya sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776. Suna ne ya zo ɗaya, gidansu daban.

Ƙungiyar zuriyar Mayflower, wadda aka kafa a 1897, ba ta karɓar bishiyar intanet a matsayin hujja. Mai nema daga kansa zai fara ya yi baya, kowane mataki da takardar haihuwa ko aure ko mutuwa, ko wasiyya, ko takardar sayen fili da ta ambaci uba da ɗa tare. Inda aka fi maƙalewa shi ne Eastham, domin jikokin Constance da na Giles sun yi ta auren juna, kuma sunayen Stephen Snow da Stephen Hopkins sun yawaita a garin, sai an haɗa da sunan mata da iyakar gona kafin a tantance wane ake nufi.